Kujerar Ƙofar Gerarda

Serracupa, 14 ga Afrilu, 1996

Ɗana Egidio,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Loredana da 'yarku Mirella. Ya sanyin Torino? Ni dai ga ni nan, gwiwoyi sun ƙi, baki ne kawai bai ƙi ba.

Bari in fara da abin da kake son ji: uwarka tana nan da ranta. Yau ma ƙararrawar safe ba ta gama kaɗawa ba sai ga kujerarta a ƙofa, tsohuwar nan mai ƙafa ɗaya ɗaure da waya, wadda ubanka, yayana, ya mutu yana cewa gobe zai gyara. Na ɗauko madubin hangen nesa na marigayi mijina Saverio, abu ɗaya mai amfani da ya bar mini, na leƙa can Tudu, tsohon garinmu na sama, ta taga. Tana zaune tana ɓare wake, fuska a murtuke. Lafiyarta ƙalau ke nan.

Kada ka sake rubuto mini cewa in hau in duba ta. Matakalar Tudu ba ta masu gwiwa irin tawa ba ce, kuma ko a kafaɗa za a ɗauke ni ba zan taka ƙofar uwarka Gerarda ba. Ranar baikona, a gaban mata cike da ɗaki, ta buɗe baki ta ce, "Sai makauniya ce za ta auri Saverio." Shekara hamsin da ɗoriya ke nan ko sannu ba ta haɗa mu ba. Ya sha giya, na sani. Ya sayar da gonar zaitun, na sani. Amma ba ita ce za ta faɗa ba.

Kujera ta ishe mu, kamar yadda ta ishi iyayenmu. In ta fito ta tsaya da ƙafafunta, lafiya lau. In an jingina ta da bango ta juya wa titi baya, ciwo ne, a kawo ɗauki. In ba ta fito ba sam, a fasa ƙofa a kira Fada daga coci. Kai ma ka sani, ko Torino ta wanke maka kai? Bara da zazzaɓi ya kwantar da ni, jingina tawa kawai na yi, kafin rana ta take sai ga likita. Na ce, "Wa ya aiko ka?" Ya ce, "An ce in na faɗa za a karya mini ƙafa." Ƙofa ɗaya ce tak a Tudu da ke fuskantar tawa. Ban gode ba, ita ma ba ta tsaya jiran godiya ba.

Sai sabon labari. Wata mujalla ta buga hoton Tudu, wai yana cikin ƙauyukan da suka fi kyau a ƙasar nan. Garin da girgizar ƙasa ta kore mu daga cikinsa muka dawo gangare, garin da tsofaffi ƙalilan suka rage, duk ka haɗa haƙoransu ba za su cika baki ɗaya ba! Yanzu kowace Lahadi sai mota ta zubo baƙi da gajeren wando. Wata daga Milano ta tsare Nicodemo kurma ta ce, "Kaka, kun ji daɗinku, irin wannan shiru haka!" Ya ce, "Me?" Ta ƙwala masa, "Shiru!" Ya ce, "To ai kowa ya mutu."

Canio mai burodi ya ce mini waɗansu sun tura ƙofar uwarka har madafi, suna ɗaukar hoton barkonon da ta rataye. Ta fatattake su da sandar murza taliya. Tun daga ranar take sa sakata, matar da ko lokacin yaƙi ba ta rufe ƙofa ba. Wannan bai yi mini daɗi ba, ina faɗa maka.

Ka gaishe da mutanen gida. Kada ka gaya wa uwarka na rubuto. Budurwa Maryamu mai tsarki ta tsare ka.

Goggonka,
Ersilia

*

Ƙungiyar Ƙawata Serracupa
6 ga Mayu, 1996

Zuwa ga mai daraja Egidio Telesca,

Bayan gaisuwa irin ta girmamawa da ta dace da ɗan gari na gari, ina mai farin cikin gabatar da kaina, ko da yake na tabbata ba ka manta da ni ba: Pancrazio Lovallo, malamin makaranta mai ritaya, wanda bayan shekaru masu yawa yana koyarwa a Napoli ya dawo ya sadaukar da ragowar ƙarfinsa ga mahaifarsa.

Labari ya iske ka, ina zato, cewa duniya ta gano Serracupa. A watan Agusta, gab da bikin waliyyinmu San Rocco, alƙalan gasar ƙauyuka mafiya kyau za su ziyarce mu. Idan muka yi nasara, za a gyara hanya, matasanmu za su sami abin yi, watakila ma a sake buɗe makarantar da na fara karatu a cikinta, wadda yanzu awaki ke kwana a ciki. Wannan shi ne burina, ba ni da wani.

Mun lura cewa ba abin da ke ɗaukar hankalin baƙi kamar kujerun da tsofaffinmu ke ajiyewa a ƙofa. Wata Bajamushiya ta zubar da hawaye a gabana saboda su. Sai dai kujerun kaɗan ne, gidajen da babu kowa kuwa sun yi yawa, kuma ƙofa wayam tana sa baƙo tunanin mutuwa. Don haka ƙungiya ta yanke shawarar sa wa kowace ƙofa a Tudu kujera sabuwa, koriya, da tukunyar fure, a kafe ta da ƙarfe saboda masu dogon hannu.

Da yake gidan mahaifiyarka da sunanka yake, kuma ita da na je mata da maganar ta amsa mini da kalmomin da takarda ba za ta ɗauka ba, izninka muke nema.

Ina jiran amsarka da kyakkyawan zato.

Naka cikin hidimar gari,
Malam Pancrazio Lovallo, Shugaba

*

Torino, 19 ga Mayu

Goggo,

Ina gaisuwa, ina kuma yi miki sannu da gwiwa. Na sa man shafawa a cikin kwalin da na aiko ta hannun ɗan Canio, ki riƙa shafawa, kada ki ajiye shi a kabad kamar na bara.

Na gode da labarin Mama. Kin san ba ni da wata hanya sai ke. Na sa mata waya ta cire ta rufe a akwati, wai ba ta magana da wanda ba ta ganin idonsa. Na ce ta zo Torino, ta ce ba za ta mutu a hawa na shida kamar tantabara ba.

Malam Pancrazio ya rubuto mini kan kujeru, na ba shi izni. Na san za ki yi faɗa, amma ki duba: a da, wuni guda sai ya wuce ba wanda ya gifta ƙofarta sai kyanwa. Yanzu mutane ɗari suna wucewa. In wani abu ya same ta, ai wani zai gani. Tun da na ji haka na fara samun barci. Ban manta da maganar kujera ba, Goggo, amma zamani ya wuce nan.

Aiki yana nan yadda kika sani, bayana ya fara irin na Baba. Mirella tana da ciki, haihuwa cikin Agusta. In an rufe masana'anta zan zo bikin San Rocco ko da kwana uku ne, in Allah ya yarda.

Ke da Mama kun ba ni mamaki. Mutum biyu da suka fi kowa sanin juna a duniya, amma sai ta madubin farauta.

Ɗanki,
Egidio

*

Serracupa, 30 ga Yuni

Egidio,

Gaisuwa kaɗan yau, don raina a ɓace yake.

An kafa kujerun. Da safe na ɗaga madubi na leƙa, sai da na yi alamar gicciye. Kujera a ƙofar Assunta mai akuya, uwar shi Pancrazion, wadda ni na yi mata wankan gawa. Kujera a ƙofar su Donato da rufi ya danne daren girgiza, su da jaririnsu. Kujera a ƙofar gidanmu, inda ni da ubanka muka tashi. Duk matattun Tudu sun fito shan iska, Egidio, kowa da furensa. Ban iya karin kumallo ba ranar.

Na tare Pancrazio a bakin coci bayan addu'ar Lahadi. Na ce, "Kai Pancrazio, ɗan Assunta, uwarka ta tashi ne ba a gaya mana ba?"

Ya ce, "Haba Inna Ersilia, ado ne kawai."

Na ce, "Ado? Kujera magana ce. Ka sa gari guda yana ƙarya."

Ya gyara tabarau ya ce wai al'ada in ba a mai da ita abin kallo ba, ɓacewa take yi. Na ce, "Da kana yawo ba wando, hanci na zuba, wa ya gane uwarka ta faɗi a ɗaki? Ba kujera ba?" Ya ce shi lokacin yana makarantar kwana, bai tuna ba. Mutane suna dariya, ni kuwa ba abin dariya na gani ba. Ba mugu ba ne, wannan shi ne abin haushin. Yana son garin nan da gaske, amma irin son da ake yi wa hoto.

Ka ce mutane ɗari suna wucewa. Suna wucewa ɗin. Ka taɓa ganin baƙo ya kalli mutum? Ƙofa suke kallo, da dutse, da barkono. Ran nan Nicodemo ya zame a matakala ya zauna daɓas, sai da suka ɗauki hotonsa kafin wani ya miƙa masa hannu.

Kwana biyu na rasa yadda zan yi, don koriyar kujera tana ƙofar uwarka dare da rana, ko tana raye ko ba ta raye. A rana ta uku sai ga tsohuwar mai waya ta fito, an dangwarar da ita a gefen sabuwar. Gerarda ta tsaya a kanta, hannu a ƙugu, ta zuba wa tagata ido har na ƙirga addu'a guda, sannan ta zauna. Ban ce don ni ta yi ba. Amma ba kowa a wannan gefen sai ni da kaji.

To yanzu ka sani: koriya ba komai ba ce, mai waya ita ce magana. Kullum tana jan ta tana bin inuwa, safe a dama da ƙofa, rana ta yi a koma ƙarƙashin ɓaure, don ba ta yarda rana ta busar mata da saƙar mazaunin kujerar ba. Baƙi kuwa sun fi son ta a kan sabbin, da ta shiga ciki sai su ɗare kai a ɗauke su hoto. Canio ya ce har kati an buga da hotonta ana sayarwa.

Ka zo bikin nan. Ba don ni ba. Na ga ta fara dafa bango in za ta miƙe.

Allah ya sauki Mirella lafiya.

Goggonka

*

Torino, 28 ga Yuli

Goggo,

Ina gaisuwa. A gurguje nake rubutu. Likita ya ce cikin Mirella yana son a sa ido, mijinta kuma yana aiki a Jamus, Loredana ba za ta iya ita kaɗai ba. Ba zan samu zuwa bikin ba. Sai Satumba, na yi alkawari, har da hoton jariri. Ki sa Canio ya gaya wa Mama, ya bi a hankali. Na san me za ta ce.

Ki ci gaba da duba mini ita. Ke ce idona.

Egidio

*

Serracupa, 9 ga Agusta

Ɗana,

Gaisuwa da fatan an sauka ko ana gab. Canio ya kai saƙonka ranar Talata. Ta ce, "Dama wa ya sa masa tukunya?" Amma ya ce ya ga taliyar da ta murza ta shanya, ta isa mutum goma.

Gari ya cika, alƙalai suna tafe, an rataye fitilu har kan kabarin mutane. Zafi kamar a tanda. Kujerarta tana waje a tsaye jiya da yau, har ta fara riga ƙararrawa fitowa, don kafin in gama jan ƙafa in kai taga na tarar da ita a ƙofa. Ita dai ban gan ta a kai ba, amma wa zai zauna cikin wannan tururuwar baƙi? Ka kwantar da hankalinka, ka ji da mai ciki.

Goggonka

*

Ƙungiyar Ƙawata Serracupa
9 ga Agusta, 1996

Mai daraja Egidio Telesca,

Bayan gaisuwa ta musamman, ina sanar da kai cikin alfahari cewa shiri ya kankama. Jibi alƙalai za su iso. Ni da kaina nake zagaya Tudu kowace asuba, tun kafin ƙararrawa, ina ba fure ruwa, ina tsince takardu, ina daidaita duk abin da ya karkace.

Wata 'yar alfarma nake nema. Tsohuwar kujerar mahaifiyarka, wadda da farko na so a ɗauke, ta zama tauraruwar garinmu, har alƙalan sun ambace ta a takardarsu. Sai dai jiya da yau na tarar da ita a jingine da bango, ta juya wa titi baya, abin ba kyan gani. Ko iska ce, ko kyanwoyi, ko kuwa mahaifiyarka ce ke nuna mana fushinta, ban sani ba. Na miƙar da ita duka biyun, na fuskantar da ita titi yadda ya kamata. Na so in yi mata magana, amma ƙofar a kulle take, kuma ka san yadda muka rabu.

In za ka rubuta mata kalma biyu ta ba mu haɗin kai na 'yan kwanakin nan, gari zai gode maka.

Naka cikin hidimar gari,
Malam Pancrazio Lovallo, Shugaba

*

Torino, 24 ga Agusta

Goggo,

Na iso gida. Ban san yadda zan gaishe ki ba.

A wurin jana'iza kin ƙi kallona, ni ma na kasa zuwa inda kike. Fada ya ce mini ciwon shanyewar jiki ne, likita ya ce da an kawo ta da wuri da wata magana ce. Kowa ya ce ke kika same ta, ba wanda ya gaya mini yadda aka yi.

Da na dawo na buɗe akwatin wasiƙu, na tarar da biyu suna jirana, taki da ta Malam Pancrazio, rana ɗaya aka rubuta su. Taki na fara karantawa. Da na karanta tasa, a kan matakala na zauna, maƙwabci ne ya tashe ni. Ga ta nan na sa miki a ciki. Ni na ba shi izni, Goggo. Ni na ce zamani ya wuce.

Ki gaya mini komai, kada ki rage. Ta yi magana? Ta ambace ni?

Mirella ta haifi mace ranar da aka rufe Mama.

Egidio

*

Serracupa, 2 ga Satumba

Ɗana Egidio,

Na gaishe ka, na yi maka gaisuwar rashi, na kuma yi maka barka. Duka a takarda ɗaya, haka Allah ya so.

Na karanta wasiƙar ɗan Assunta. Ba ta gaya mini abin da ban sani ba. Ka ce kada in rage, to ba zan rage ba.

Ranar da na rubuto maka cewa ka kwantar da hankalinka, na kai wasiƙar gidan waya na dawo da tsakar rana. Na leƙa. Kujerar tana dama da ƙofa, rana ta take a kanta. Sai na ce wa kaina baƙi ne suka jawo ta. Washegari Asabar, rana ta sake takewa, tana nan inda take, ba ta koma ƙarƙashin ɓaure ba. Wani ƙato mai jar fuska yana zaune a kai, matarsa tana ɗaukarsa hoto. Gerarda tana da rai da ƙafa ba za ta bar saƙar nan a rana wuni biyu ba. Na ajiye madubin na ɗauki sanda.

Ban san yadda na hau matakalar nan ba. Wani wurin da hannu na hau. Baƙi suna ba ni hanya suna murmushi, wata har ta ɗauke ni hoto, tsohuwa da baƙaƙen kaya tana rarrafe. 'Yan kaɗe-kaɗe suna gwajin bikin a dandali, ba ka jin komai sai ganga da ƙaho. Na tarar da Canio ya ajiye burodi a taga zai juya. Na ce, "Fasa ƙofar nan."

Ya ce, "Inna, ga kujerarta a tsaye."

Na ce, "Fasa, ko in fasa kanka."

Tana kwance a bayan ƙofar, Egidio, dab da ita, har sai da ƙofar ta ture ta. Rigar barci ce a jikinta. Gefe ɗaya ya mutu, baki ya karkace, leɓe ya tsage don ƙishi. Tsakaninta da ƙafar ƙaton nan mai hoto bai fi kaurin katako ba. Taliyar da ta murza maka tana shanye a kan gado, ƙuda ya rufe.

Abin da na haɗa daga baya shi ne wannan. Ta ji jikinta ba daidai ba tun daren Laraba. Da asuba ta fitar da kujera ta jingina, ta koma ta sa sakata don kada baƙi su same ta a haka, ta kwanta tana jirana. Ba wanda ya zo. Washegari ta ja jiki ta leƙa, ta ga an miƙar da ita, ta sake jinginawa. Gwiwoyinta duk sun sale, da rarrafe ta yi. Daga nan ba ta ƙara iya kai hannu ga sakata ba. Za ka ce me ya hana ta kiran baƙi tun tana da murya. Ka san uwarka. Ba ta roƙon wanda ba ta san ubansa ba. Ta yi magana da yaren da ta san akwai mai ji, kuma ta san ina kallo.

Na zauna a ƙasa na ɗora kanta a cinyata, na jiƙa gefen gyalena ina ɗiga mata ruwa. Canio ya ruga kiran mota. Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, ta daɗe tana kallo. Bakin yana motsi, na kai kunne.

Ta ce, "Na juya ta."

Na ce, "Na sani, Gerarda."

Ta ce, "Sau biyu."

Na ce, "An miƙar ne. Ban gani ba. Na rantse da kabarin yayana ban gani ba."

Sai gefen bakin nan mai rai ya ɗan ɗaga, ta ce, "Makauniya."

Na ce, "Ke kuma mai taurin kai, da kin bar wayar a bango da yanzu kina zagina a tsaye." Ta riƙe mini yatsa da hannun da ya rage, ba ta saki ba har cikin mota, har asibiti. Ba ta ƙara cewa komai ba. Ta yi kwanaki tana numfashi, ranar bikin San Rocco ta cika, ana ta harba wuta a sama.

Ka tambaya ko ta ambace ka. Ba ta ambata ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Kalmomin da suka rage mata kaɗan ne, a kaina ta ƙarar da su. Amma taliyar mutum goma ba don ni ta murza ba.

Kada ka ce kai ne. In ana rabon laifi kowa zai samu, har da ni da na ga rana a kan saƙa na ce baƙi ne. Ina jin zafin abin nan har cikin ƙashina, ba na barci, kuma ba na son a ba ni haƙuri.

Pancrazio ya zo ƙofata bayan kun tafi, hula a hannu. Ya ce, "Inna, na tuna. Da na ga an fito da ita na tuna abin da jingina take nufi." Ya tsufa a sati guda. Ban zage shi ba, ban kuma ce ya shigo ba.

Alƙalan sun zo ranar Lahadi kamar yadda aka shirya. An gyara ƙofar kafin su iso. Serracupa ta ci gasar.

Goggonka,
Ersilia

*

Torino, 15 ga Satumba

Goggo,

Na karanta. Na gode da ba ki rage ba.

Mun sa wa yarinyar Gerarda. Loredana ta ce sunan tsofaffi ne, Mirella ta ce shi take so.

Ƙungiya ta rubuto, ba Malam Pancrazio ne ya sa hannu ba. Suna so a bar musu kujerar a ƙofa, wai don tunawa da Mama, kuma ita ce a jikin allon da za a kafa a bakin hanya. Na kasa ba su amsa. Ki yi yadda kika ga dama da ita, ke kika fi kowa haƙƙi.

Ki zo Torino ki zauna da mu. Akwai na'urar hawa, ba matakala. Da gaske nake.

Ɗanki,
Egidio

*

Serracupa, 1 ga Oktoba

Ɗana,

Na gaishe ku, musamman ƙaramar. Allah ya ba ta idon mai sunan, ya rage mata bakin.

Na bar musu kujerar. Na sa Canio ya goya ni har Tudu, muka tafi da maƙeri. Na jingina ta da bango da hannuna, ta juya wa titi baya, ya kafe ta da ƙarfe a haka. 'Yan ƙungiya sun taso za su yi magana, Pancrazio ya ce a bari. Yanzu duk baƙon da ya tambaya me ya sa take haka, shi yake tsayawa ya faɗa.

Torino kuwa na gode, ba zan zo ba.

Tawa kujerar ina fitar da ita kowace safiya in ƙararrawa ta kaɗa. Jiya na tsinci kaina na gyara mata zama tana fuskantar Tudu sosai, don a gani da kyau. Sai na tuna.

Ka riƙa rubutowa.

Goggonka,
Ersilia